Yadda ake neman bizar aure ta Birtaniya bayan 'yan sanda sun taɓa yi wa mutum gargaɗi

A fom ɗin neman bizar aure ta Birtaniya akwai wata tambaya da ke zuwa bayan mutum ya riga ya gaji da cike-cike. Ana tambayarsa ko kotu ta taɓa samunsa da laifi, ko an taɓa hukunta shi kan tuƙi, ko yana da shari'a a gaba, ko kuma 'yan sanda sun taɓa yi masa gargaɗi, a Birtaniya ko a wata ƙasa. Da yawa suna amsa "a'a" da zuciya ɗaya, don a iya saninsu ba su taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Abin da ya faru kawai shi ne wata rana, shekara uku ko biyar da suka wuce, sun wuni a ofishin 'yan sanda a Landan ko Manchester, aka miƙo musu takarda suka sa hannu, aka ce su tafi gida.

Wannan takardar ita ce suke kira "caution", kuma tana nan a rubuce a rumbun bayanan 'yan sandan ƙasar, wanda Ma'aikatar Cikin Gida ke dubawa kafin ta yanke hukunci kan biza. Gargaɗi guda ɗaya kan ƙaramin laifi ba kasafai yake kashe takardar neman bizar aure ba. Ɓoye shi ne ke kashe ta. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan suka ginu. Zan riƙa cewa "kai", amma maganar ta shafi mace da namiji daidai.

Mataki na farko: tantance ainihin abin da aka ba ka

Ba duk abin da ɗan sanda ya faɗa maka ne gargaɗin da fom ke nufi ba. Idan aka kama mutum a Ingila ana karanta masa wasu kalmomi, cewa ba dole ne ya yi magana ba amma duk abin da ya faɗa ana iya kafa hujja da shi. Wannan ma sunansa "caution", sai dai tunatarwa ce kawai kafin tambayoyi, ba hukunci ba ne. Wanda aka yi masa tambayoyi aka sallame shi aka rufe maganar, ba shi da gargaɗi a kansa.

Gargaɗin da ke shiga tarihin mutum iri biyu ne ga manya a Ingila da Wales. Akwai mai sauƙi, "simple caution": ka amsa laifi, ka yarda a yi maka gargaɗi a maimakon kotu, ka sa hannu. Akwai kuma mai sharaɗi, "conditional caution", wanda dokar shari'ar laifuka ta 2003 ta kawo: a nan ana ɗora maka wani abu, kamar biyan diyyar abin da ka ɓata, ko halartar wani kwas, ko rubuta wasiƙar ban haƙuri, kuma in ka saɓa ana iya maka ka kotu kan laifin na asali. Ga 'yan shekara 10 zuwa 17 akwai nasu na yara. Dukkansu ba hukuncin kotu ba ne, amma dukkansu amsa laifi ne a rubuce, kuma galibi bayanin yana zama a rumbun 'yan sanda har ranar da mutum zai cika shekara 100 da haihuwa.

Akwai wasu ƙanana da ba su kai gargaɗi ba: sasantawar da ɗan sanda ke yi nan take, wadda suke kira "community resolution", da takardun tara irin na gudun wuce kima. Waɗannan ba sa zama tarihin laifi muddin an biya tarar kuma maganar ba ta kai kotu ba. Duk da haka fom yana tambaya kan hukuncin tuƙi da sauran hukunce-hukuncen da ba na kotu ba, don haka su ma a faɗe su. A Scotland tsarin daban ne, can 'yan sanda da mai gabatar da ƙara suna da nasu nau'in gargaɗi da tara, su ma fom ya haɗa da su.

A Najeriya ko Nijar fa? Rubuta bayani a caji ofis, ko belin da 'yan sanda suka bayar aka sasanta magana ta mutu, ba su ne wannan gargaɗin ba. Amma hukuncin kotu hukunci ne, ko na majistare ne ko na kotun shari'a, ko da tara ce kawai aka ci mutum. Shari'ar da ba a gama ba ita ma dole a ambace ta.

Mataki na biyu: in ba ka riga ka sa hannu ba, dakata

Wannan sashen na wanda abin bai riga ya wuce ba ne, kuma a ganina ya fi duk sauran muhimmanci.

Ka ɗauka ga mutum a ɗakin tambayoyi. An karɓe masa waya da bel da igiyar takalmi tun safe, bai yi sallar azahar ba bai yi la'asar ba, yara na jiran a ɗauko su daga makaranta. Sai a ce masa in ya karɓi gargaɗi yanzu zai tafi gida, babu kotu. A wannan halin kowa zai so ya sa hannu ya huta. Amma sa hannun yana nufin ka ce "na aikata", kuma janye shi daga baya abu ne mai wuyar gaske.

Doka ta ba duk wanda ke hannun 'yan sanda a Ingila da Wales damar ganin lauya kyauta, komai kuɗinsa komai talaucinsa, ɗan ƙasa ne ko baƙo. Akwai lauyan da ke bakin aiki dare da rana saboda haka, kuma ba ma'aikacin 'yan sanda ba ne. Tafinta shi ma kyauta ne. Kada kunyar a ce ba ka jin Turanci ta sa ka ƙi neman tafintan Hausa, domin Turancin kasuwa daban, na shari'a daban. Idan lauyan ya zo, abu na farko da za ka gaya masa shi ne matsayinka a ƙasar: kana kan bizar aure, ko ta karatu, ko kana shirin sabuntawa nan da wata kaza. Lauyan laifuka yana iya ganin gargaɗi a matsayin sauƙi, alhali bai san kana da takarda a gaban Ma'aikatar Cikin Gida ba.

Ba a ba da gargaɗi sai mutum ya amsa laifin a sarari kuma ya yarda da kansa, sannan akwai hujjar da za ta iya tsayawa a kotu. Kana da ikon ƙin karɓa. In ka ƙi, ko dai a rufe maganar ko a gurfanar da kai, kuma hukuncin kotu ya fi gargaɗi nauyi. Saboda haka ba cewa nake kowa ya ƙi ba. Wanda ya san ya aikata kuma hujja ta kama shi, sau da yawa gargaɗin ne mafi alheri gare shi. Wanda bai aikata ba kuwa, kada gajiya ta sa ya ɗauki laifin da ba nasa ba.

Ga irin abubuwan da ke kai mutanenmu wannan ɗakin ba tare da sun san laifi ba ne a can. Dukan yaro da sunan tarbiyya: Scotland ta haramta shi gaba ɗaya a 2020, Wales ta bi sahu a 2022, a Ingila kuma da zarar ya bar tabo ko kumburi babu sauran kariya. Yawo da wuƙa a aljihu ba da dalili ba, in ba ƙaramar mai naɗewa ba ce wadda tsawon bakinta bai wuce inci 3 ba kuma ba ta kullewa. Riƙe tramadol ba tare da takardar likita ba, wanda ke cikin ƙwayoyin da doka ta taƙaita tun 2014. Sai tura mutum ko marinsa a cikin faɗa, ko da bai ji ciwo ba.

Mataki na uku: wa aka yi wa gargaɗin?

A bizar aure mutum biyu ne: mai nema, da mai ɗaukar nauyi, wato miji ko matar da ke da takardar ɗan ƙasa ko izinin zama na dindindin a Birtaniya. Sharuɗɗan ɗa'a da tarihin laifi a kan mai nema suke. Idan mijin da ke Ingila ne aka taɓa yi wa gargaɗi kan faɗa a bakin shago, matarsa kuma tana Kano ko Maraɗi ba ta taɓa shiga caji ofis ba, wannan shi kaɗai ba dalilin hana ta biza ba ne.

Wuri biyu ne tarihin mai ɗaukar nauyi ke iya shigowa. Na ɗaya, idan akwai yara a cikin masu nema kuma ana ganin uba ko uwa, ko abokin zaman ɗayansu, haɗari ne ga yaron, kamar wanda ke cikin rajistar masu laifin lalata. Gargaɗi kan wasu laifukan lalata yana sa babban mutum cikin wannan rajistar na shekara 2. Na biyu, idan gargaɗin kan dukan ita matar ne ko shi mijin, domin jami'i zai so ya tabbatar auren na nan da ransa. A nan ina so in yi magana da 'yar'uwar da ake cutarwa ake kuma tsorata ta da cewa in ta kira 'yan sanda za a kore ta daga ƙasar: wadda ke kan bizar aure kuma aurenta ya mutu saboda cin zarafi tana da hanyarta ta neman zama na dindindin ita kaɗai, ba sai da sa hannun mijin ba.

Mataki na huɗu: nemo tarihinka a rubuce

Kada ka dogara da abin da ka tuna. Mutane kan manta ko gargaɗi ne aka yi musu ko sasantawa, su manta kwanan wata, su manta sunan laifin kamar yadda aka rubuta shi. Ofishin da ke fitar da wannan bayani sunansa ACRO. A shafinsu na intanet ana cike buƙatar ganin bayanan da rumbun 'yan sanda ke riƙe da su a kan mutum, wadda suke kira "subject access". Kyauta ce, ana iya yin ta daga wajen Birtaniya, kuma doka ta ba su wata guda su ba da amsa. Za su nemi shaidar ko kai wane ne, kamar fasfo, da adireshin da ka zauna. Ka fara da wannan tun watanni biyu ko uku kafin ranar da kake son tura takardarka.

Akwai tarko a nan. Wani zai ce ai ya nemi aiki an yi masa binciken DBS, wato binciken tarihin laifi da masu ba da aiki ke nema, ya fito fes. Gaskiya ne, domin a ƙarƙashin dokar gyaran masu laifi ta 1974 gargaɗi mai sauƙi yana zama "wanda ya wuce" tun ranar da aka ba da shi, mai sharaɗi kuma cikin wata 3, don haka ba ya fitowa a binciken DBS na matakin farko. Ko a bincike mai zurfi, yawancin gargaɗin manya ana daina nuna su bayan shekara 6. Amma tun 1 ga Oktoba 2012 aka cire harkar shige da fice da ta zama ɗan ƙasa daga wannan rangwamen. Abin da mai ba ka aiki ba zai gani ba, jami'in biza yana ganinsa, kuma yana da hoton yatsunka da aka ɗauka a cibiyar biza wanda za a iya gwadawa da wanda 'yan sanda suka ɗauka ranar da suka kama ka. Sauya yadda ake rubuta suna ko sabon fasfo ba sa ɓatar da sawu.

Ga mai hukuncin kotu a gida, ya je wurin magatakardan kotun ya karɓo kwafin hukuncin mai hatimi. In da Hausa ko Faransanci ko Larabci aka rubuta shi, sai an haɗa da fassarar Turanci mai ɗauke da sunan mai fassara, da sa hannunsa, da kwanan wata, da inda za a same shi.

Mataki na biyar: san abin da doka ta ce, ka auna lokaci

Dokokin bizar iyali suna cikin sashen da ake kira Appendix FM, wanda ya fara aiki a Yulin 2012. Shekara da shekaru ƙa'idar da ke cikinsa ita ce: mai nema daga waje wanda aka yi wa gargaɗi cikin watanni 12 kafin ranar yanke hukunci, a al'ada ana hana shi; mai neman zama na dindindin kuma sai ya cika watanni 24 ba tare da irin wannan ba. Har yanzu za ka ji mutane suna ambaton waɗannan lambobi biyu.

A ranar 11 ga Nuwamba 2025 aka kawo sabon sashe mai suna Part Suitability, aka shigar da masu neman bizar iyali a ƙarƙashinsa tare da sauran masu neman biza. Ya raba abin gida biyu. Akwai inda hanawa dole ce: wanda aka ɗaure watanni 12 ko fiye, da wanda ya mai da saɓa doka ɗabi'a, da wanda laifinsa ya jawo mummunar cuta. Akwai kuma inda aka bar wa jami'i ya auna, kuma a nan gargaɗin 'yan sanda ya faɗo. Wato ana iya hana ka saboda shi, ana kuma iya ba ka duk da shi.

Abin da jami'in zai auna ba ɓoyayye ba ne: wane irin laifi ne, sau nawa, tun yaushe, me ka yi da rayuwarka tun daga lokacin, kuma wa kake da shi a ƙasar. Gargaɗi ɗaya na shekara huɗu da suka wuce kan ɗaukar kaya a kanti ba ɗaya yake da gargaɗi biyu cikin shekara guda kan duka ba. Laifukan da suka shafi tashin hankali, ƙwayoyi ko lalata su ne aka fi tsananta dubawa, domin su ne ake iya sawa a layin mummunar cuta. Gargaɗi da yawa kuma, ko da ƙanana ne, suna iya sa a kira mutum mai maimaita laifi ba tare da ya taɓa zuwa kotu ba.

Daga nan sai batun lokaci. Idan kana waje kuma gargaɗin sabo ne, shawarata ka bari aƙalla shekara ta zagayo kafin ka tura, in dai babu wata larura kamar jinya ko ƙaramin yaro da aka raba da mahaifi. Na san jiran yana da ciwo ga sababbin ma'aurata, amma kuɗin ba kaɗan ba ne: a Afrilun 2025 kuɗin nema daga waje ya kai fam 1,938, kuma ba a mayar da shi in an hana. Kuɗin kula da lafiya da ake biya tare da takardar, fam 1,035 na kowace shekara, shi ne ake mayarwa.

Idan kuwa kana cikin Birtaniya, lissafin ya sha bamban. Kada ka kuskura ka bar bizarka ta ƙare wai kana jiran gargaɗi ya tsufa. Wuce wa'adi matsala ce da ta fi gargaɗin girma. Ka tura takardar sabuntawa kafin ranar ƙarewa. Muddin ka yi haka izininka na ci gaba da aiki har a yanke hukunci.

Dokokin nan ana taɓa su sau da yawa a shekara, don haka a makon da za ka tura ka buɗe shafin gwamnati na gov.uk ka karanta sashen kamar yadda yake a ranar.

Mataki na shida: cike fom ɗin

Idan ka iso tambayar, ka amsa "e". Za a buɗe maka gurbi: wane iri ne, wace ƙasa, wane laifi, wace rana. Ka kwafi abin da ke takardar ACRO harafi da harafi. Kada ka sassauta sunan laifin, kada ka ce "rashin fahimta" alhali an rubuta duka ko sata. In akwai fiye da ɗaya, kowanne da gurbinsa.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, a nan kuwa ƙurewarsa tana da tsada. Ba da bayanin ƙarya ko ɓoye abin da ya kamata a faɗa dalili ne na hana biza mai zaman kansa, ko da gargaɗin da aka ɓoye bai kai ya hana ba. Wanda aka tabbatar ya yi yaudara da gangan ana iya hana shi shiga ƙasar har shekara 10. Ko an ba shi bizar ba a lura ba, maganar tana jiransa a sabuntawa, da wajen neman zama na dindindin, da wajen neman zama ɗan ƙasa, kuma doka ta ba gwamnati ikon ƙwace takardar ɗan ƙasa daga wanda ya same ta ta hanyar yaudara.

Abin da ya fi damuna shi ne masu miƙa fasfo da kuɗi ga wani mai shagon intanet ko "ejan" ya cike musu. Irin waɗannan sukan bi tambayoyin laifi su danna "a'a" daga sama har ƙasa ba tare da sun tambaye ka ba. Sunanka ne a kan takardar, kai za a tuhuma. Ko wa ya cike maka, ka sa a buɗe maka shafin ka karanta kowace amsa da idonka kafin a tura. A Birtaniya, ba da shawara kan shige da fice ba tare da rajista ba laifi ne; ka duba sunan mai ba ka shawara a rajistar lauyoyi ta SRA ko ta hukumar IAA mai kula da masu ba da irin wannan shawara, wadda a da ake kira OISC.

In kuma wani abu ya faru bayan ka tura, aka kama ka ko aka yi maka gargaɗi kana cikin jira, ka rubuta ka sanar da su. Ranar yanke hukunci ake dubawa, ba ranar turawa kaɗai ba.

Mataki na bakwai: wasiƙar bayani

Gurbin fom ƙarami ne, don haka ka haɗa da wasiƙa daban, da Turanci, shafi ɗaya ko ɗaya da rabi. Ka fara da abin da ya faru a taƙaice: rana, wuri, laifi, da abin da aka yanke. Sannan halin da kake ciki a lokacin, ba don wanke kai ba sai don a gane. Sannan ka karɓi laifin a sarari. Sannan abin da ya biyo baya: ka cika sharaɗin da aka ɗora maka, ba ka sake shiga wata matsala ba, kana aiki ko karatu, kana riƙe da iyali.

Kuskuren da aka fi yi a wannan wasiƙar shi ne mutum ya rubuta cewa shi fa bai yi komai ba, 'yan sanda ne suka matsa masa. Ka riga ka sa hannu ka amsa. Musu a yanzu yana nuna wa jami'i ko dai ƙarya kake ko ba ka yi nadama ba. In da gaske an zalunce ka, wannan yana da tasa hanyar, ga ta nan a mataki na gaba.

Ka haɗa da takardar ACRO, da kwafin gargaɗin in kana da shi, da rasidin diyya ko shaidar kammala kwas. Wasiƙa daga wurin aikinka tana da amfani, haka ta limamin masallacinku ko shugaban wata ƙungiya da kake yi wa hidima, da sharaɗin marubucin ya nuna ya san da gargaɗin. Wasiƙar yabo daga wanda bai san abin da ya faru ba ba ta da nauyi. Shi ma mijin ko matar ya rubuta tasa: ya san da maganar, ga yadda rabuwa za ta shafe su, ga dalilin da ya sa zama a wata ƙasa zai yi musu wuya. In akwai yara, a yi bayaninsu dalla-dalla, makarantarsu da lafiyarsu da shaƙuwarsu da mai nema, domin dokar 2009 ta wajabta wa jami'ai su kula da maslahar yaro.

Sauran sharuɗɗan kuma a cika su ba tare da giɓi ba, don kada a sami dalili na biyu: samun kuɗi, kamar albashi, da ya kai fam 29,000 a shekara ga sababbin masu nema tun 11 ga Afrilu 2024, ko ajiyar fam 88,500 in da ita kaɗai za a dogara, jarrabawar Turanci, gwajin tarin fuka a asibitin da aka amince da shi, wanda takardarsa ke aiki wata 6, da hujjojin cewa auren na gaskiya ne.

Mataki na takwas: neman a goge gargaɗin

Ana iya nema, amma ba a cika samu ba. Ana tura buƙatar ta hannun ACRO, su kuma su miƙa ta ga rundunar da ta ba da gargaɗin, ita ce mai yanke hukunci. Dalilan da ake saurara su ne irin waɗannan: ba ka amsa laifin a sarari ba, ba a bayyana maka sakamakon karɓa ba, an hana ka lauya ko tafinta, an ɗauke ka a madadin wani, ko daga baya ta bayyana ƙarar ƙage ce. Cewa gargaɗin yana kawo maka cikas a biza, shi kaɗai ba ya isa. Hanyar ƙalubalantar gargaɗin a babbar kotu kuma wa'adinta gajere ne, wata 3 daga ranar da aka ba da shi. Muddin ba a goge ba sai ka ambace shi a fom, kana iya ƙarawa da cewa ka nemi a goge.

Mataki na tara: idan an hana, da abin da ke gaba

Hana bizar aure yana zuwa da damar ɗaukaka ƙara a kotun shige da fice ta matakin farko, domin ana ɗaukar takardar a matsayin neman haƙƙin zaman iyali a ƙarƙashin sashe na 8 na Yarjejeniyar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai. Wa'adin kwana 28 ne ga wanda ke waje, kwana 14 ga wanda ke ciki. Ka karanta wasiƙar hanawar da kyau ka ga a kan me aka tsaya. In gargaɗin ne kaɗai, alƙali zai auna ko raba iyali saboda shi ya yi daidai da girman laifin, wani lokacin kuma sake nema da hujjoji masu ƙarfi ya fi jiran kotu sauri. In kuwa an zarge ka da yaudara, kada ka sake turawa kai tsaye. Wannan zargin sai an ƙalubalance shi da lauya, domin in aka bar shi zai bi duk takardar da za ka tura nan gaba.

Wanda aka ba shi bizar kuma ya sani tambayar za ta sake dawowa. Bizar farko daga waje ta watanni 33 ce, sai sabuntawa ta watanni 30, sai neman zama na dindindin bayan shekara 5, sai neman zama ɗan ƙasa, inda ake auna kyawun hali kuma tun 31 ga Yuli 2023 aka ƙara tsaurara ma'aunin. A kowane mataki za a gwada amsarka da wadda ka bayar a baya. Saboda haka ka adana kwafin fom ɗin da ka tura, da takardar ACRO, da wasiƙar bayaninka, a fayil guda a kwamfuta da kuma a takarda, kuma kafin kowace sabuwar takarda ka sake neman bayanin ACRO don ka tabbatar abin da ke rubuce bai sauya ba.